Tsohuwar kwamfuta da Linux Mint: laccar da aka yi wa matasa a Nima

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da malamanmu da ke nan gaba, barkanku da yamma. Samari da 'yan mata na bakin ƙofa, ku shigo, akwai benci.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba aikowa kyauta. Ita kuma Windows 11 sai na'urar da ke da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, ga ta da ƙyamar tsohuwar kwamfuta. Mu kuwa nan Nima da Mamobi, da yawanmu ta hannu muke saye a Tip Toe Lane, can Circle. To, na'ura lafiyarta ƙalau, sai a jefar don kamfani ya ce ta tsufa? Ni dai ban ga dalili ba.

Akwai Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya bar ta a buɗe: kowa ya duba cikinta, ya gyara, ya raba. Ba baƙuwarku ba ce ma, don Android ɗin da ke aljihunku a kanta aka gina. A 2004 Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da wani nau'in Linux mai suna Ubuntu, a 2006 kuma aka gina Linux Mint a kan Ubuntu. Sabon shiga, Mint nake ba shi, saboda maɓallin manhajoji na ƙasa ta hagu, inda hannunsa ya saba. Mint iri-iri ce: in RAM ɗinka, wato ƙwaƙwalwar aikin na'urarka, gigabait 4 ne, wadda ake kira Cinnamon za ta yi. In 2 ne, ɗauki Xfce, ta fi sauƙi.

Yanzu ku kasa kunne, nan ne maganar take. Kada kowa ya koma gida yau ya goge Windows. Ka sauko da Mint daga shafinsu, ta kusa gigabait 3, don haka ka jira datar tsakar dare. Ka nemo filashi mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki, ka ɗora Mint a kansa da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Kashe na'ura, soka filashin, kunna, ka yi ta danna F12 in Dell ce, F9 in HP ce. Mint za ta tashi daga filashin ba tare da ta taɓa kayanka ba. Kamar ɗanɗanon miya ne kafin a zuba a tuwo. Gwada Wi-Fi, gwada sauti, buɗe Firefox, buɗe wata takarda da LibreOffice. Ka leƙa saitin kibod ma: akwai na Hausar Ghana, mai ƙ da ɗ.

In ta kwanta maka, kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri tukuna. Wajen girkawa za ta tambaye ka: a goge faifan gaba ɗaya, ko a zaunar da ita kusa da Windows? Karanta sau biyu, don wanda ya zaɓi gogewa, hotunan suna da na biki sun tafi ke nan. Kuma batir ya cika, kada dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta same ka a tsakiya.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya a kan ɗanta mai buga katin aure da CorelDRAW. Gaskiya, Hajiya, CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP, kyauta, amma sai ya sake koyo, kuma kwastoma ba ya jira. Ya bar Windows a na'urar shago, ya sa Mint a tsohuwar da ke gida.

An kusa kiran magariba. Masu filashi su kawo wa yaran nan na tebur, za su ɗora muku bayan salla.