Abin da ke korar mai saye daga shafin kasuwancinka na intanet

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamaina, 'yan uwa 'yan kasuwa, da ɗaliban da nake hangowa can baya, barkanku da zuwa. Kurakurai biyar na rubuto a takardata, waɗanda nake yawan gani a shafukan intanet na masu sana'a a nan Zariya, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne nauyi. Yawancin shafukanmu a kan kwamfuta ake gina su, a ofis mai intanet mai ƙarfi, sai mai ginin ya nuna wa Alhaji a babban allo, Alhaji ya ga ya yi kyau, ya biya. Amma wanda zai saya ba a ofishin nan yake ba. Yana tsaye ne a bakin titin Samaru yana jiran keke napep, riƙe da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ga rana tana dukan allon. Ya danna sunan shagonka, sai ƙaramar da'irar nan ta fara juyawa, tana juyawa, fuskar wayar fari fat. Wa zai tsaya? Kamfanin Google ya fitar da wani bincike a shekarar 2016 wanda ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu buɗe shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Daƙiƙa uku, jama'a, ko gaisuwa ba a gama ba.

Me ke kawo nauyin? Mafi yawa hotuna ne. Ɗauki mai ɗinkin babbar riga a cikin birni, wanda ya yi makonni yana zuba aska takwas a kan shadda. Yana da gaskiya idan yana so duniya ta ga kowane zare. Sai ya ɗauki hoton da waya, hoto ɗaya ya kai megabait huɗu, a ɗora ashirin a shafin farko yadda suke. Ku lissafa: megabait tamanin ke nan daga aljihun wanda bai ma yanke shawarar saye ba. Kuma kun san hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, don haka yau kowa ƙirga datarsa yake yi. Alhali hoton nan ana iya matse shi ya dawo kilobait ɗari biyu, kuma a fuskar waya ido ba zai raba shi da na asali ba. Aikin ɗinkin zai fito, zaren zai fito, abin da ya ragu kawai shi ne wahalar mai kallo.

Ina roƙonku, kada ku karɓi shafi daga hannun mai gini sai kun gwada shi da kanku. Ku fita daga ofishinsa, ku kashe intanet ɗinsa, ku kunna datarku, ku buɗe shafin a wayar yaron shagonku, ba a taku mai tsada ba. Akwai kuma ma'auni na kyauta mai suna PageSpeed Insights, wanda za ka zuba masa adireshin shafi ya ba shi maki daga sifili zuwa ɗari, ya kuma nuna maka abin da ya yi nauyi. Masu rubutu a baya, ku rubuta wannan sunan. Sannan bidiyon da ke kunna kansa da kiɗa da zarar an shigo, don Allah a cire shi. Mutum yana iya kasancewa a cikin aji ko a zauren ta'aziyya.

Na biyu, ɓoye farashi. A rubuta "a tuntuɓe mu don jin kuɗi" a ƙarƙashin kowane kaya. Na san dalilin, farashi yana motsi kusan kullum, kuma mun saba da tayi. To amma mai kunya ba zai kira ba, mai sauri ma ba zai kira ba. A sa farashi, a sa ranar da aka sabunta shi. Haka adireshi: "Sabon Gari, Zariya" bai kai kowa ƙofar shago ba. A faɗi layi, a faɗi abin da ke kusa, a sa alama a Google Maps.

Na uku, lambar waya. Lambar da kuka sa, a sa ta yadda dannawa ɗaya zai kira ko ya buɗe WhatsApp, ba a rubuta ta cikin hoto ba har sai mutum ya nemi biro. Kuma a ɗauka idan an kira! Lambar da aka daina amfani da ita tun bara, tana nan a shafi, ita ce ke gaya wa baƙo cewa shagon ya rufe.

Na huɗu, amana. Mutanenmu sun sha damfara, suna tsoron tura kuɗi. Tun watan Yulin 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome take yi wa duk shafin da adireshinsa bai fara da https ba tambarin rashin tsaro, alhali takardar tsaron da ke sa adireshi ya fara da https kyauta ake samunta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt. A sa lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kuma sunan asusun banki ya zo daidai da sunan kasuwancin. Sai na biyar, harshe, wato kwafo Turancin wani kamfani na Amurka alhali masu sayenka Hausa suke ji. Na ga Hajiya ta ɗaga hannu, bismillah.

Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya ta ce yaron da ya gina mata shafi ya bar gari, shafin ya daina buɗewa, an kuma ce sai shi kaɗai zai iya gyarawa.

Hajiya, ranki ya daɗe, wannan ya fi duk abin da na rubuto muhimmanci. Sunan shafi, wato adireshinsa na intanet, ba a sayensa dungurungum, haya ce ta shekara-shekara, haka ma wurin da ake ajiye shi. Sunayen da suka ƙare da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Nijeriya, ta hannun kamfanonin rajista da ta amince da su. Idan yaron da imel ɗinsa ya yi rajistar, to a takarda shi ne mai sunan, kuma shi ake aika wa sanarwar ƙarewar wa'adi. Idan ba a biya ba, ana ɗan jira, daga nan sunan ya koma kasuwa, kowa yana iya ɗauka. Saboda haka kada ki bari a kwana biyu. A gano kamfanin da aka yi rajistar da shi, ki je musu da takardarki ta CAC da shaidar kuɗin da kika biya yaron, a fara biyan sabuntawa tukuna, sannan a nemi mayar da rajistar kan imel ɗinki. Idan kin zo da adireshin shafin, ki ba ni bayan an tashi mu duba ko wa'adin bai wuce ba.