Furosesar Katangar Tsaro Ta Ƙi Gudu Ko Ta Ƙi Hucewa: Wa Ke Riƙe Da Giyar Gudu?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyo na waɗanda suka ɗora pfSense ko OPNsense ne a kan ƙaramar kwamfuta, irin akwatunan nan marasa fanka masu ramukan waya huɗu, suka mai da ita katangar tsaron intanet ɗin ofis, ko makaranta, ko shagon da ake sayar wa unguwa waya-fai. Koke biyu ake yawan kawowa. Wani ya ce furosesarsa ta maƙale a megahaz 800, ta ƙi ɗagawa. Wani kuma ya ce tasa ta ƙi sauka, ba kowa a layi amma akwatin ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Dukansu sukan garzaya su kunna PowerD, manhajar da ke ɗaga gudun furosesa ko ta sauke shi, su canza masa saiti, su sake kunna na'ura, su tarar babu abin da ya motsa.

Kafin ka taɓa komai, ka gano wanda ke juya saurin furosesar taka, domin ba kullum PowerD ba ne.

pfSense da OPNsense duk a kan FreeBSD, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, aka gina su. A tsohon tsari, wanda Intel ta sa wa suna SpeedStep, furosesa tana miƙa jerin matakan gudu, shi kuma PowerD ya riƙa leƙa nauyin aiki yana zaɓar mataki, ya ɗaga ko ya sauke. A 2015 Intel ta fito da Speed Shift tare da furosesocin Skylake, inda furosesar da kanta take yanke hukunci, kuma cikin saurin da wata manhaja ba za ta iya kamowa ba. FreeBSD ta fara aiki da shi a fitowa ta 13, a 2021. Kamar mota ce: SpeedStep mai giyar hannu, Speed Shift otomatik. In motarka otomatik ce, duk yadda ka kai hannu neman giya ba za ka samu ba, sai dai ka gaya mata ko gudu kake so ko tattalin mai.

Shiga ta SSH, hanyar rubuta wa na'urar umarni daga wata kwamfuta, ka zaɓi lamba 8 a jerin da zai fito, ka rubuta umarnin da ke kan allo:

grep -E "est0|hwpstate" /var/run/dmesg.boot

In ka ga est0, SpeedStep ne, PowerD na da ta cewa. In ka ga hwpstate_intel0, Speed Shift ne, kuma duk abin da ka zaɓa wa PowerD, ko adaptive ko hiadaptive ko maximum, bai shafi gudun furosesarka ba. In kuwa katangar taka a cikin Proxmox, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo a kan na'ura ɗaya, take zaune a matsayin baƙuwa, ka bar ta haka nan, maigidan da ke ƙasa shi ke da iko da gudu, can za ka je ka gyara.

Yanzu mu zo kan lambar da ke tayar wa mutane hankali. Ɗauki Intel N100, wadda ta fito a 2023 kuma ta cika kasuwar waɗannan akwatuna: ƙwaya huɗu (core) gare ta, wat 6 a takarda, tana iya kaiwa gigahaz 3.4. Amma rubuta wannan:

sysctl dev.cpu.0.freq dev.cpu.0.freq_levels

A layi na biyu za ka ga mataki ɗaya tak, 806 da ɗebe ɗaya a gefensa. Shafin farko na katangar daga nan yake ɗauko abin da yake kira iyakar gudu, shi ya sa wani lokaci zai ce maka gudun yanzu 2900 ne, iyaka kuma 806. Ba a cuce ka a kasuwa ba. Speed Shift ba ya ba da jerin matakai, sai tsarin ya rubuta lambar tushe kawai. A ɓangaren SpeedStep kuma akwai wata alamar: in ka ga 2001 a saman jeri, 2000 na biye da ita, wannan ɗayan da aka ƙara yana nufin an buɗe wa furosesa hanya ta yi turbo, wato ta haura gudunta na tushe, ba ainihin gudunta ke nan ba.

Ga wani abin da ake mantawa. Buɗe shafin farko shi kansa aiki ne. Duk bayan 'yan daƙiƙoƙi yana sa furosesa ta tashi ta tattaro masa bayanai, sai ka ga lamba a sama ka ɗauka ba ta taɓa hutawa. Rufe shafin, ka auna ta SSH.

Awo na gaskiya sai da lodi. Da farko ka tabbata kana ganin zafi: a sashen Miscellaneous akwai wurin zaɓar ma'aunin zafi, ka ɗauki na Intel ko na AMD daidai da furosesarka. Buɗe taga biyu. A ta farko ka ɗora mata kaya:

openssl speed -multi 4 sha256

A ta biyu ka riƙa maimaita wannan duk bayan daƙiƙa biyu ko uku:

sysctl dev.cpu.0.freq dev.cpu.0.temperature

Kada ka yi hanzarin yanke hukunci, ka maimaita lodin har na minti biyar ko goma, domin yadda lambobin biyu suke tafiya tare shi ne zai gaya maka inda ciwon yake.

In gudu ya tashi, zafi ya bi shi har ya doshi digiri 100, sannan gudun ya faɗo, zafi ne. N100 da N5105 duk iyakarsu digiri 105, kuma suna rage gudu da kansu don kada su ƙone. A nan nake so mu daɗe kaɗan, saboda akwati marar fanka ba shi da wata hanyar huce zafi sai ta haƙarƙarin ƙarfen jikinsa zuwa iskar ɗaki. Wanda ya gwada shi a ɗaki mai digiri 22 ya ce lafiya lau, gaskiya ya faɗa. Kai da ke Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, waje ya haura 40, ɗakin kwano ne, ka kuma kulle akwatin cikin kabad tare da inbata da batir, kusan digiri 20 aka riga aka ci maka kafin furosesa ta fara aiki. Babu saitin da zai gyara wannan. Fito da shi sarari, haƙarƙarin na kallon sama, kada a ɗora masa komai, a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe tsakanin ƙarafan. Ƙaramar fanka mai shan wuta ta USB, in ka ɗora a kai, aikin da za ta yi zai ba ka mamaki. In kuma furosesa na nuna 95 amma jikin akwatin ɗumi-ɗumi ne kawai, to zafin ba ya isa ga ƙarfen. Buɗe ka duba man da ke tsakaninsu, ko ya bushe, ko kuma tun daga masana'anta ba su manne da kyau ba.

In gudu ya tashi na ɗan lokaci, ya sauko ya tsaya a wani mataki alhali zafi bai wuce 70 ba, iyakar wuta ce. A BIOS, shafin saitin na'ura da ake shiga da zarar an kunna ta, akwai PL2, wutar da aka yarje wa furosesa ta sha na ɗan gajeren lokaci, da PL1, wadda za ta koma kai ta daɗe. Masu haɗa akwatunan kowa da lambar da yake sawa. Kana iya ɗaga PL1, amma duk wat ɗin da ka ƙara zafi zai zama, kuma a yanayinmu ni na fi son a bar shi ƙasa.

In kuwa tun farko ta ƙi ɗagawa ko kaɗan, duba BIOS ko an kashe turbo ko Speed Shift, sannan ka zargi adafta. Adafta mai rauni tana sa na'ura ta sake kunna kanta da zarar lodi ya hau. Masu jona akwatin kai tsaye da batirin sola su sani cewa batir mai bolt 12 yana haura 14 lokacin caji, yana kuma faɗowa in ya yi sanyi, don haka a sa abin daidaita wuta a tsakani.

To in komai lafiya, gudu ko tattali kawai kake son zaɓa fa? A Speed Shift abin murɗawa ɗaya ne:

sysctl dev.hwpstate_intel.0.epp

Daga 0 zuwa 100 yake. Sifili gudu zalla, ɗari tattali zalla, galibi kuma za ka same shi a 50. Mai layin PPPoE (layin intanet da ake shiga da suna da lambar sirri) ko OpenVPN (manhajar haɗin sirri ta intanet) ya yi hattara da kai shi 100, domin waɗannan biyun sukan jibga aikinsu a kan ƙwaya ɗaya, sai sauran ukun na zaune amma intanet na jan ƙafa. Ni nakan ce a fara da 70 ko 80, a gwada da iperf3, manhajar auna gudun layi, tsakanin kwamfutoci biyu ta cikin katangar, ba zuwa ita kanta katangar ba. In gudun layi bai ragu ba, ka ci riba. In kana so kowace ƙwaya ta bi nata saitin, sai ka mai da machdep.hwpstate_pkg_ctrl sifili, wanda ba ya kamawa sai an sake kunna na'ura.

Sai dai katangar tsaro yawancin ranarta zaune take, saboda haka tattalin wuta na gaske yana wurin barcin furosesa ne. Duba waɗannan:

sysctl dev.cpu.0.cx_supported dev.cpu.0.cx_lowest dev.cpu.0.cx_usage

Na farko matakan barcin da BIOS ya bayar, lambar ƙarshe a kowanne ita ce tsawon lokacin farkawa. Sau da yawa za ka tarar an tsayar da ita a C1, wato gyangyaɗi kawai take yi. In C1 kaɗai ka gani a jerin, a BIOS aka kashe sauran. Gwada hw.acpi.cpu.cx_lowest a C2, ka jona ma'aunin wat a soket ka ga bambanci da idonka. Wat uku da ka rage, a awa 24 ya zama wat-awa 72, kuma mai kwana a kan batir ya san darajar wannan da asuba. Barci mai zurfi yana iya ƙara ɗan jinkiri, wasu akwatunan ma sukan daskare a kai, don haka ka sauka mataki ɗaya, ka bar shi kwana biyu, kafin ka gwada C3, kuma kada ka yi wannan gwajin a na'urar da ba za ka iya zuwa ka kashe ta da hannu ba.

Duk abin da ka rubuta da sysctl yana gogewa in an ɗauke wuta. Wanda ya yi maka daidai, ka shigar da shi a System Tunables in pfSense ce, ko Tunables in OPNsense ce. A pfSense, irin wanda sai an sake kunnawa yake kamawa, gidansa fayil ɗin /boot/loader.conf.local. Bayan ka adana, kashe na'urar ka kunna, ka sake karanta lambobin don ka tabbata sun zauna.