Saiwar da ta kumbura a digiri 31

Assalamu alaikum jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Ina magana da ku daga ɗakin rainon tsirrai a nan Kanbera, babban birnin Ostiraliya, inda sanyin hunturu ya kankama a wannan wata na Yuli. Bari in matso da waɗannan faranta biyu kusa da kyamara, domin abin da nake so ku gani bai kai tsawon farce ba.

Duka biyun tsiron Arabidopsis ne, wata 'yar ciyawa dangin kabeji da masu bincike suke yawan aiki da ita, kuma iri ɗaya na shuka a rana ɗaya. Na hannun dama ya zauna a digiri 21, shi ya sa kuke ganin saiwarsa siririya, miƙaƙƙiya kamar zaren ɗinki. Na hagun kuwa shekaranjiya na mayar da shi digiri 31, ga shi bakin saiwar ya kumbura kamar kan ashana, tsawonta kuma ya tsaya cak.

Dalilin yana cikin bangon da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta ta tsiro. Ruwa ne ke cika ƙwayar yana tura ta ta kowane ɓangare, kamar salkar da aka cika taf, kuma da babu abin da ya ɗaure ta, da sai ta zama dunƙule. Zarurrukan selulos su ne ɗaurin, domin suna naɗe ƙwayar ta ƙugu, zagaye bayan zagaye, ta yadda ba ta da hanyar ƙaruwa sai ta tsawo. Wasu furotin da ake kira CESA ne suke saƙa zaren, sun haɗu cikin gungu mai kunnuwa shida a fatar ƙwayar, suna jera sukarin gulukos ɗaya bayan ɗaya.

Wannan iri nawa sunansa rsw1, kuma a Jami'ar Ƙasa ta Ostiraliya da ke garin nan ne Tony Arioli da Richard Williamson da abokan aikinsu suka bayyana asirinsa a shekarar 1998. Sauyi ne ya auku a ƙwayar gadon CESA1, wato umarnin da tsiro ke bi ya ƙera ɗaya daga cikin furotin ɗin CESA. Furotin jeri ne na ƙananan tubala da ake kira amino asid, sauyin kuwa ya musanya guda tak, na 549 a jerin, daga alanin zuwa balin. A cikin sanyi furotin ɗin yana iya aikinsa, amma da zafi ya ƙaru sai gungun masaƙan ya watse, selulos ya ragu, ɗaurin ya sassauta. Har yau ina jin abin a raina duk lokacin da na leƙa madubin bincike, cewa musanya guda a cikin amino asid sama da dubu ta isa ta hana saiwa nutsawa neman ruwa.

Tsiron yana da ƙwayoyin gadon CESA guda 10, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Idan lahanin ya faɗa kan CESA4, CESA7 ko CESA8, masu gina bango mai kauri na jijiyoyin ruwa, sai jijiyoyin su lotse, karan kuma ya rasa ƙarfi. Simon Turner da Chris Somerville ne suka bayyana irin wannan lotsewa a 1997, daga baya kuma aka gano ƙwayoyin gadon da ke haddasa ta.

Wanda ya tashi a yankin Funtuwa kamar ni ya san selulos tun kafin ya ji sunansa, domin zaren auduga kusan kashi 90 cikin ɗari shi ne, kuma daga auduga ne Deborah Delmer da abokan aikinta suka fara gano waɗannan ƙwayoyin gado a tsirrai a 1996. Yanzu zan mayar da farantin hagu digiri 21, jibi kuma in Allah ya kai mu zan nuna muku yadda sabon bakin saiwar zai fito daga ƙasan kumburin.