Kafin ka sayi amfilifaya mai kwalba: duba sifikarka da wutar gidanka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Mutum uku ne suka aiko min da tambaya iri ɗaya a makon nan: Malam, ina so in sa amfilifaya mai kwalba a falo, in saya ko in bari? To ga ɗaya nan a kan tebur, na'urar ƙara sauti ce mai aiki da kwalaben lantarki na gilashi. Ƙanena, matso da kyamara kusa, su ga kwalaben.

Waɗannan huɗun manya EL34 ne, su ne masu tura sifika. Ƙananan na gaba kuma 12AX7, su ke fara ɗaga sautin. Wannan ƙirar Caina ce, wat 35 kowane ɓangare, daidai da ƙarfin Dynaco ST-70 da ta fito a Amurka a 1959, wadda har yau ake rububinta. Ita kanta fasahar kwalba tsohuwa ce, ta riga tiransisto da aka ƙirƙiro a 1947, wanda yawancin amfilifayoyin yau ke aiki da shi. Ni dai saboda murya nake son ta. In na sa tsohon faifai na kukuma da kalangu, muryar mawaƙin takan fito da nama a jikinta, ba ta tsira maka kunne. Amma in kai mai son duka ne, irin wanda tagogi ke karkarwa, gaskiya ka tsaya a kan ta tiransisto, ta fi riƙe ƙasan sauti, ga kuma araha.

Abu na farko, juya sifikarka ka karanta bayanta. Za ka ga lamba da dB a jikinta. In ta ce 90, wato da wat ɗaya tak tana ba da ƙara 90 a nisan mita ɗaya. Duk raguwar 3 sai ka ninka wat. Mai 87 tana son ninki biyu, mai 84 ninki uku... a'a, ninki huɗu, ku gafarce ni, huɗu ne. Ka ga ke nan wat 35 ɗin nan da sifika mai 90 sun cika falo har da saura. Amma akwai masu kwalbar 300B, wadda Western Electric ta fitar a 1938, wat 8 kacal suke bayarwa. Daɗinsu ba a magana, sai dai in ka haɗa su da sifika mai 85 za ka yi ta murɗa ƙara, babu abin da za ka ji sai shaƙewa.

Yanzu bari in juya ta. Kai, da nauyi! Taransifoma uku ne a kanta, su ne nauyin. In ka ɗaga mai kwalba irin wannan ka ji ta sakayau, an yi rowar ƙarfe, ajiye ta.

Ku duba nan da kyau, don nan ne wurin da ya taɓa sa ni asara. Ga ramin baƙar waya, ga kuma jajaye biyu, ɗaya an rubuta 4, ɗaya 8. Lambobin nan om ne, ma'aunin yadda sifika ke tare wuta. Sifikarka in mai om 8 ce, jar waya ta shiga 8. In mai 4 ce, ta shiga 4. In mai 6 ce, gwada duka biyun, wanda ya fi maka daɗi ka bar shi, amma ka kashe kafin ka sauya. Ina ƙara faɗa: ka kashe. Kada ka taɓa kunna ta babu sifika a jone. Ta tiransisto ba ruwanta, amma wannan, in sauti na shiga kuma babu inda zai fita, wutar na komawa ta ci taransifomar fitarwa. Ni ana shara aka ja min waya ɗaya ta zare, ban lura ba, na kunna na ƙara murya ina neman dalilin da ɓangaren hagu ya yi shiru. Ban ankara ba sai ƙauri. Wata biyu ina neman madadinta. Tun ranar, sai na taɓa wayoyin nan huɗu da hannuna kafin in danna makunni.

Sai wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. In ɗan'uwanka zai aiko maka da ita daga can, ka tabbatar ya duba, in ba haka ba sai da taransifomar rage wuta. Sitabilaiza kuma dole ne, domin wutar da ke hawa da sauka tana rage wa kwalba kwana. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kashe ta, ba ta minti biyu ko uku. Masu sola, ku sani tana shan wajen wat 200 ko da ƙasa-ƙasa kake ji, kuma inbata mai arha za ta sa ta gurnani. Ga zafi. A watan Afrilu a Kano, ka kunna wannan a ɗaki rufe, sai ka ce ka hura gawayi. Kada ka cusa ta cikin kabad, ka bar mata sarari ta sama, ka nisanta ta da hannun yara. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, bayan ta huce.

Saitin bayas kuwa, wato daidaita wutar da ke bi ta manyan kwalaben, ka sa mita a ramin gwaji, ka murɗa a hankali har ta kai lambar da ke littafinta. Tawa 0.35 ce. Amma buɗe cikinta, a'a. Akwai bolt sama da 400 a ciki, kuma kafasito na riƙe wuta ko an zare soket. Kai wa mai gyara.

Kwalabe na tsufa, manyan sukan yi awa dubu biyu zuwa uku. Sababbi daga Rasha da Silobakiya da Caina suke zuwa, kuma a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke sun yi tsada ƙwarai. Shi ya sa nake cewa ranar da ka saya, ka haɗa da saiti ɗaya na ajiya, huɗu waɗanda aka auna suka yi daidai da juna. Ina da 'yan saiti a shago, wanda yake so ya zo da sifikarsa mu jona ya ji da kunnensa kafin ya ba da ko sisi.

To, ta yi minti biyar tana ɗumi. Ƙanena, miƙo min faifan can na sama, mu ji.