Amsoshin Tambayoyinku: Cinikin Mota a Legas, Daga Nawa Ake Fara Tayi?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Ga mu a filin Amsoshin Tambayoyinku. Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan cinikin mota suke, kai ka ce mutanen Legas sun haɗa baki. Shi ya sa na ɗauko muku wani dattijo da ya tsufa a harkar saye da sayar da motoci a kasuwar Berger, can kan titin Apapa zuwa Oshodi. Alhaji, sannu da zuwa, ya hanya?

Alhaji: Yauwa, sannu kadai. Hanya alhamdu lillahi, in ban da tankokin mai da suka tsare mu a Mile 2.

Mai gabatarwa: Ai da ka iso ma an gode Allah. Bari mu fara, lokaci ba ya jira. Wani bawan Allah daga Obalende yana tambaya: sabuwar mota dal a kamfani, ita ma ana taya ta?

Alhaji: Ana taɓawa, amma ragin ba shi da yawa. Gara ya nemi su haɗa masa da rajista da lamba, ko sabis kyauta na wani lokaci, kuma a rubuta a takarda.

Mai gabatarwa: To ka ji. Wata baiwar Allah daga Idi-Araba kuma ta ce wai da gaske ne idan mace ta je ita kaɗai sai an tsuga mata kuɗi? Alhaji, sai ka kare kanku.

Alhaji: Hajiya, ba mace ake tsugawa ba, wanda aka ga bai san mota ba ake tsugawa. Na sha ganin maza da babbar riga an yi musu abin da ya fi haka. Ki tafi da bakaniken da kika yarda da shi, shi ke nan.

Mai gabatarwa: Yanzu ga wadda za mu ɗan zauna a kanta, don irinta ta zo daga Agege, ta zo daga Alaba Rago, har daga Ijora. Zan karanta ta wani ɗan kasuwar kayan gwari a Mile 12. Ya ce: "Ina neman Corolla tokumbo. Na je wani fili aka ce mini miliyan 13. Na taya miliyan 7, sai dilan ya juya mini baya ya ci gaba da danna wayarsa, ko albarka bai ce ba. Na je wani filin aka nuna mini irinta aka ce miliyan 12, na taya 9, nan take aka ce in kawo kuɗi. Sai gabana ya faɗi, na ce zan je in dawo, ban koma ba. Don Allah daga nawa ake fara tayi, kuma yaya mutum zai gane ba a cuce shi ba?" Alhaji, bismilla.

Alhaji: To, wannan magana tana da asali. Mu lokacin da muka shiga harkar nan, Kwatano muke zuwa. Ka kwana biyu a can, ka zaɓi motarka, a biyo da ita ta Seme. Sai gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, aka ce sai ta ruwa. Komai ya dawo tashoshin jiragen ruwa na Tin Can da Apapa. Ana nan, a 2022 kwastan suka kawo tsarin da kwamfuta ce ke yanke kuɗin fito ta hanyar duba lambar shasin mota, har masu fitar da kaya daga tasha suka yi yajin aiki a kai. Ba mu gama farfaɗowa ba aka saki naira a watan Yunin 2023. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a je ko'ina, farkon 2024 ta haura 1,500. Kuma shi kuɗin fito da farashin dala ake lissafa shi. Ina da wani aboki, Allah ya ji ƙansa, wanda a zamanin Kwatano...

Mai gabatarwa: Amin. Alhaji, ka kai mu Kwatano ka dawo da mu, mai tambaya kuma yana nan tsaye a Mile 12 da kuɗinsa a hannu. Daga nawa zai taya?

Alhaji: Ai can na nufa, yaran yanzu ba ku da haƙuri. Abin da nake so ya gane shi ne, dila ba ya duba nawa ya sayo motar da ke gabansa, nawa zai sayo madadinta yake dubawa. A cikin miliyan 13 ɗin nan akwai kuɗin da aka biya a gwanjo a Amurka, akwai kuɗin jirgi, akwai na kwastan, akwai na wanda ya fitar da ita daga tasha, akwai gyara da fenti, akwai hayar fili, sannan riba ta hau. Ribar ba ta kai rabi ba, ko kusa. Mota ba atamfa ba ce a kasuwar Balogun da za a ce dubu 20 ka taya 10. Da ya ce 7, dilan ya gane bai san kasuwa ba, shi ya sa ya koma kan wayarsa.

Mai gabatarwa: Wato malam na Mile 12, laifin farko naka ne, ka yi haƙuri. Kai da in aka taya maka kwandon tumatir rabin kuɗi sai ka kira mutum ɗan wasa.

Alhaji: Atoh. Amma kafin ma a zo maganar tayi, akwai tambayar da za ka fara yi: kai ne mai motar? A fili irin namu, wanda ya tare ka a bakin ƙofa da fara'a yawanci ba shi da ko taya ɗaya a wurin. Ɗan kayi-nayi ne. Mai mota ya ce masa miliyan 11, shi ya ɗora ɗaya, wanda ya rako ka daga unguwa ya ƙifta masa ido ya ɗora rabin miliyan. Kana ta gumi kana ciniki, ashe la'adar mutane kake ragewa, ba ka ma taɓa kuɗin motar ba tukuna. Ban ce dillali haramun ba ne, sana'ata ce. Amma ka yanka masa la'adarsa tun farko, ka ce in ciniki ya faɗa ga abin da zan ba ka, yanzu haɗa ni da mai ita. In ya ƙi, akwai wani fili a gaba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ya buɗe rediyo yanzu. Ka san da wa kake ciniki. A yanke la'adar dillali tun farko, sannan a zauna da mai mota. Ci gaba Alhaji.

Alhaji: Sai kuma kada ka ambaci kuɗi kafin a duba mota. Wannan shi ne kuskuren kowa. Ka zo da safe, ka sa hannu a kan bonet ka ji a sanyaye yake, sannan a tayar a gabanka, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Kada ka duba mota da magariba ko ana ruwa, kowane fenti kyau yake yi a lokacin. Bakanikenka ya jona na'urarsa ya karanta abin da kwamfutar motar ke cewa. Ya ɗaga kafet ya shinshina. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya ga ko akwai shatin laka, ya leƙa kusoshin da suka riƙe kujeru ko sun yi tsatsa, don da yawa daga motocin gwanjo haɗari suka yi, wasu kuma ambaliya ce ta ci su. Lambar shasi tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17. Ka ba yaron da ya iya intanet, sau da yawa sai hotunan motar na ranar gwanjo su fito, ka gan ta da goshi a murƙushe kafin a gyara.

Mai gabatarwa: To in an ga aibi, sai a fasa?

Alhaji: Ya danganta. Wadda ruwa ya ci, ko kyauta ce ka gode ka wuce, wayoyinta ba za su bar ka ka huta ba. Wadda shasinta ya lanƙwashe, haka. Amma ƙananan abubuwa, ai su ne makaminka. Tayoyi sun suɗe, esi ba ya sanyi, shokozoba ta mutu, fitila ɗaya ta tsage. Kowanne bakanikenka ya buga waya Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, ya ji kuɗinsa, ka rubuta a takarda, ka tara. Sai ka ce wa mai mota, Alhaji ga abin da zan kashe kafin ta hau titi, a cire mini. Wannan magana dila yana jin ta, domin ya san gaskiya ce. Amma "don Allah a rage mini, ni ɗan'uwanka ne", wannan kullum muna jin ta, ba ta rage ko sisi.

Mai gabatarwa: Har yanzu dai ba ka ba shi adadi ba.

Alhaji: To ga nawa ra'ayin, ba doka ba ce. Ya zagaya fili uku ko huɗu ya ji kuɗin irin motar, shekara ɗaya, inji ɗaya. In ya ga 13 ɗin ba ta yi nisa da na saura ba, ya fara daga wajen 10 da rabi, yana hawa a hankali, dubu 200, dubu 100, ba ya yi tsalle da miliyan guda ba. Ya riƙe iyakarsa a ransa kada ya faɗa wa kowa, har wanda ya rako shi. In an kai iyakar ba a sallama ba, ya bar lambar wayarsa ya yi sallama cikin mutunci. Dilan da kuɗinsa ya kwanta wata da watanni, ga wani kaya yana jiransa a tasha kuɗin ajiya na hawa, shi zai kira.

Mai gabatarwa: Ni ma bari in sa baki a nan. Ku daina zuwa sayen mota da tawaga. Mutum biyar, wannan yana shafa kujera yana "kai, ta haɗu", wancan yana ɗaukar hoto yana tura wa uwargida. Dila yana kallonku, ya riga ya san ba za ku iya tafiya ku bar ta ba. To Alhaji, saura rabin tambayar. Wurin da ya taya 9 aka ce ya kawo kuɗi, gudun da ya yi daidai ne?

Alhaji: Tsoron daidai ne, gudun ne ban so ba. Da ya tsaya ya ce a kawo takardun kwastan. Mai yiwuwa mai motar kuɗi yake nema ido rufe, ka ga mai tambaya ya yi asarar sa'a. Mai yiwuwa kuma ba a biya mata kuɗin fito ba, ko an biya rabi, ko ta hannu ce da aka yi shekaru ana hawa a nan, aka wanke aka cire lamba aka ce tokumbo. Ka karɓi kwafin takardun, ka gwada lambar shasin da ke jiki da ta motar harafi bayan harafi, sannan ka kai ofishin kwastan a tantance, akwai a Ikeja. Musamman mutanenmu masu saye su kai gida Kano ko Sakkwato. Hanyar Arewa cike take da shingayen kwastan, kuma in sun tare ka ba ruwansu da wanda ya sayar maka, motar da ke hannunka za su riƙe.

Mai gabatarwa: A sake ji da kyau: araha ba hujjar gudu ba ce, hujjar neman takardu ce. A tantance takardun kwastan kafin a biya, ba bayan an biya ba. Kafin alƙalami fa?

Alhaji: Kaɗan, kuma da rasit da aka rubuta sharaɗin cewa in takardu ba su inganta ba za a mayar. Cikon kuɗin a tura asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin ko na mai motar, ba na yaron shago ba. Rasit ya ɗauki lambar shasi da ta inji.

Mai gabatarwa: Agogo yana harara ta, sauran a gurguje. Wani daga Agege ya ga mota a Facebook da araha, an ce ya tura kuɗin mai a kawo masa ita ya gani. Wannan ni zan amsa: kada ka tura. Haba malam, kai da kake zaune a Legas! Wani direba daga Apapa yana tambaya ko a yarda da lambar tafiyar da ke kan allon mota.

Alhaji: Ana mayar da ita baya. Ka duba sitiyari da robar birki da kujerar direba, su ba a iya mayar da su. Kuma motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. A leƙa salansar motar ma, a tabbata ba a cire abin tace hayaƙin nan da bakanikai ke kira indomi ba, yana da tsada.

Mai gabatarwa: Wani kuma ya ce me ya sa ake saurin sallama manyan motoci masu silinda shida?

Alhaji: Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 mutane ke gudunsu. In kana da ƙarfin tanki, nan ragi yake.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga wani malamin Islamiyya a Idi-Araba, yana tambaya ko matsa wa mai kaya da tayi ya halatta. Malam, kai ya kamata mu tambaya. Abin da dai muka sani, tayi halal ne. Abin da aka hana shi ne ɓoye aibin kaya, da tayin ƙarya don a zuga mai saye ya ƙara, da yin tayi a kan cinikin ɗan'uwanka bayan sun daidaita. Alhaji, na tsakiyar nan fa, an ce ana yi a fili.

Alhaji: Ana yi, amma ba a rumfata ba.

Mai gabatarwa: Mun ji, mun kuma yarda don kana kusa. A tuna a ware kuɗin rajista da na inshora, mafi ƙaranci na motar gida ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Masu tambaya a kan sayen mota biya kaɗan-kaɗan, ku yi haƙuri, saƙonninku suna nan sai mako mai zuwa. Alhaji mun gode, Allah ya ba da kasuwa.

Alhaji: Amin, ni ma na gode.