Sadakar Da Ba A Kafa Mata Allo: Lacca Kan Cutar MS

(Wani likita ne ya gabatar da wannan lacca a Gusau, a taron 'yan kasuwa da ma'aikatan lafiya. An kwafo ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayena mata da ke can baya, kuna ji na? Mai lasifika, ɗan ƙara mana murya. Yawwa.

Abu huɗu zan taɓo. Mece ce wannan cuta, ina ruwanmu da ita, ina kuɗin bincike ke tafiya, sannan me za mu iya yi mu nan. An ba ni minti 40, kuma na ga shugaba ya ajiye agogonsa a kan tebur, to na gane saƙon. (dariya)

Na farko. Cutar da likitoci ke kira MS cuta ce ta ƙwaƙwalwa da laka. Kowace jijiya a nan tana da riga mai maiƙo da ta lulluɓe ta, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Idan ɓera ya ci robar, wuta ta zo, ta ɗauke, wani lokaci ta yi tartsatsi. To a wannan cuta, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke cin rigar, ta bar tabo nan da can. Inda tabon ya faɗa, nan alamar ke fitowa. Wani ido, wani ƙafa, wani fitsari ya ƙi riƙuwa. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya fara bayaninta dalla-dalla a Faris a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Mata sun ninka maza, kuma ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, wato lokacin aure da haihuwa da neman na kai.

Na biyu, ina ruwanmu? Mu da aka koyar a makaranta cewa cutar Turawa ce, ta ƙasashen sanyi. Gaskiya ne ta fi yawa can. Amma a 2013 wani bincike a Kalifoniya ya nuna mata baƙar fata na can sun fi farare kamuwa. Sannan akwai 'yar uwarta, wadda ke kama jijiyar ido da laka, ita ma baƙar fata ta fi so, kuma sai a 2004 aka gano gwajin jinin da ke raba su. Saboda haka idan aka ce babu ita a nan, ni tambayata ɗaya ce: wa ya duba?

Na ga wata malamar firamare, ba ta kai 30 ba. Ta tashi da safe ido ɗaya na gani dishi-dishi, in ta juya shi sai zafi. Bayan 'yan makonni ya washe, aka ce alhamdu lillahi. Da shekara ta zagayo sai ƙafar hagu ta sage, tana jan ta, silifa na zamewa ba ta sani ba sai ɗalibai sun ɗauko mata. Abin da ya rikita danginta shi ne, da asuba garau take, ta yi shara ta ɗora tukunya. Da rana ta take a watan Afrilu sai ta kasa tsallaka tsakar gida. In an watsa mata ruwan randa, ta huta a inuwa, ƙafa ta dawo. Uwar miji ta ce lalaci ne, ƙanwar uwa ta ce iska ce. Alhali zafi ne kawai ke hana jijiyar da ta rasa rigarta isar da saƙo. Tsoffin likitoci ma, kafin a samu na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka, a ruwan zafi suke sa mutum su ga ko alamun za su taso. Mu nan ba ma buƙatar baho, Gusau ta isa. (dariya)

To yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne inda na fi so. Zan bar MS na ɗan lokaci in yi maganar shan inna. Duk wanda ya haura 40 a ɗakin nan ya san wani a unguwarsu da ke rarrafe ko tafiya da keken guragu. Yau ku shiga ajin firamare ku nemo min yaron da shan inna ta kama bana. Ba za ku samu irin yadda muka saba gani ba. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan ta ƙarshe da aka gani a Borno a 2016. Daga ina ɗigon rigakafin nan ya fito? Wa ya biya?

Shugaban Amurka Roosevelt, ƙafafunsa sun shanye a 1921 yana ɗan shekara 39, aka ce shan inna ce. A 1938 ya kafa gidauniyar yaƙi da shan inna, aka ce wa mutane kowa ya aiko da kwabo ɗaya na senti goma. Senti goma fa. Ba a ce attajirai su zo su yi alkawarin miliyoyi a gaban kyamara ba, irin namu na ranar ƙaddamarwa, wanda mai karɓa zai yi wata shida yana sintiri ƙofar gidan Alhaji ana ce masa ya yi tafiya. (dariya) Alhaji, ba da kai nake ba, kai ka cika naka. Yara 'yan makaranta, matan aure, leburori, suka riƙa zuba kwabo a ambulan suna aikawa fadar shugaban ƙasa, har ma'aikatan wasiƙu suka rasa inda za su sa kansu. Da yayyafi kogi kan cika.

Ku lura da lissafin shekarun. An fara tara kuɗi 1938. Ba a sanar da allurar rigakafin da likita Salk ya haɗa ba sai 12 ga Afrilun 1955, bayan gwajin da ya haɗa yara wajen miliyan 1.8. Shekara 17 ke nan mutane na bayarwa ba su ga rigakafi ba. Babu rijiya, babu allon da aka rubuta sunan wane. Kuɗin nan ya sayi birai na gwaji, ya sayi kwalabe, ya biya albashin mutanen da gwajinsu ya ƙi ci sau da yawa. Ɗigon baki na likita Sabin, wanda ake ɗiga wa jikokinku, shi ma gidauniyar nan ta zuba kuɗi a cikinsa. Matar da ta sa kwabonta a 1938 ta rasu ba ta taɓa jin sunan Talata Mafara ba, amma kwabonta ya iso Talata Mafara. Ya iso Ƙaura, ya iso Anka, ya iso Shinkafi. Shekara 17, ina ƙara faɗi. Mu in muka ba da gudummawa ranar Juma'a, Litinin muna son ganin an yi fenti.

Kuma kun tuna a 2003 jiharmu na cikin waɗanda suka dakatar da ɗigon. Ba zan tono wannan ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, maganin da ba ka da hannu a bincikensa, da wuya ka sake da shi. Da a ce ɗan wane da muka sani ne ya yi aikin a ɗakin gwajin da muka sani, da surutun bai kai haka ba.

Irin wannan hanya MS ta bi. A 1945 wata mata a New York, Sylvia Lawry, ƙanenta Bernard na fama da cutar, likitoci suka ce ba abin yi. Ta sa ɗan talla a jarida tana neman duk wanda ya taɓa warkewa ya tuntuɓe ta. Wasiƙu sama da 50 suka zo, kusan duka na masu neman mafita ne irinta. A 1946 ta tara masana ta kafa ƙungiya. Ƙanen nata ya rasu bai ga magani ba. Maganin farko mai rage tasowar cutar sai 1993 aka amince da shi. Yau suna da yawa, har a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ƙungiyoyin masu cutar ne suka yi ta bugun ƙofa har aka sa su.

Na huɗu, ko na uku muke? Ku dai bi ni. A 2022 masana na jami'ar Harvard suka bi jinin sojojin Amurka sama da miliyan 10 da aka adana shekara da shekaru, suka ga wanda ya kamu da ƙwayar Epstein-Barr haɗarinsa na samun MS ya ninka sau 32. Ita wannan ƙwaya a 1964 aka gano ta, a cikin ƙarin da aka ciro daga yaran Uganda. Kun ga Afirka na cikin labarin tun farko, sai dai mu samfur muke bayarwa, wasu su yi karatun.

Shugaba na nuna min agogo. Da sauri. Bincike a wurinmu ba sai an gina katafaren ɗakin gwaji ba. Ku tuna gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, ana ta cewa sanƙarau ne ko zazzaɓi, sai da aka ɗebi jini aka auna. Matakin farko ke nan: a duba, a rubuta, a ƙirga. A biya wa mara lafiya hoton MRI, a aika jininta gwaji, a buɗe rajista, a ɗauki nauyin likita ɗaya ya ƙware a jijiya ya dawo gida. Addininmu ya riga ya ba mu hanyar. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Sarkin Masar Ƙalawun ya gina asibiti a Alƙahira a 1284 ya tsayar masa da wakafi. Muna da Hukumar Zakka da Wakafi a jihar nan. Shago ɗaya a kasuwa, a ce hayarsa ta bincike ce har abada. Kuma duk wanda ya karɓi kuɗinku, ku nemi lissafi a rubuce duk shekara. Na biyar...

(Wani dattijo ya ɗaga hannu.)

Bismillah, Baba.

"Likita, Allah shi ƙara basira. Amma ga 'yan gudun hijira cike da gari, ga yunwa, ga zazzaɓin sauro na kashe yara kullum. Mu bar waɗannan mu kama cutar da ba mu taɓa gani ba?"

A'a, Baba, kada ku bari. In naira ɗari ce a hannunka kuma maƙwabcinka bai ci ba, ba shi. Ni ba zakkarku nake nema ba, wannan tana da masu ita su takwas, malamai na nan su yi bayani. Ƙaramin kaso nake nema daga sadakar nafila. Kuma na'urar da za ta duba mai MS ita za ta duba mai farfaɗiya, da mai shanyewar ɓarin jiki, da yaron da ya faɗo daga babur. Likitan jijiyar ma duk nasu ne. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu.

"Likita, tunda ka ce ƙwaya ce, ana ɗauka ke nan? 'Yar ƙanwata aka ce tana da ita, mijin ya mayar da ita gida wai kada ta shafa wa yara."

Subhanallahi. Ba a ɗaukar MS, Hajiya. Ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a shimfiɗa, ba a ɗauka a nono. Ita ƙwayar da na ambata, mutum 9 cikin 10 na manya suna da ita a jiki tun yarinta, har shi mijin da ya kore ta, kusan tabbas yana da ita. Sai ta haɗu da wasu abubuwa, gado kaɗan, ƙarancin bitamin D, shan taba, sannan ƙalilan su samu cutar. Yawancin 'ya'yan masu ita ba sa kamuwa. Tana iya haihuwa. Cutar ma takan lafa lokacin goyon ciki, musamman watannin ƙarshe, sai dai a sa mata ido sosai watanni uku na farko bayan haihuwa don takan taso. Ruwan wankan jego mai tafasa kuwa, a sassauta mata shi, zai kwantar da ita. Ki same ni in an tashi da takardun asibitinta, kuma in mijin zai yarda ya zo, ni zan yi masa bayani da kaina. Akwai wani mai tambaya? Shugaba ya ce ɗaya ta rage.