Wa Ya Ce Kai Ya Bushe?

Assalamu alaikum, masu kallo.

Ku dubi babban yatsan nan, shuɗin tawada duk ya rine shi. Mai shi ta haura shekara hamsin. Ta aurar da 'ya'ya, ita ce uwar adashin mata ashirin, lissafin kowa yana kanta, ba ta taɓa ɓatar da sisin wata ba. Amma da an miƙo mata takarda a banki, sai ta sunkuyar da kai ta dangwala. In saƙo ya shigo wayarta, sai ta jira jikanta ya taso daga makaranta ya karanta mata, har da sirrin da bai kamata yaro ya ji ba. Ka ce mata, "Hajiya, ga ajin yaƙi da jahilci can a bayan layi," sai ta ce, "Haba ɗan nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni kaina ya riga ya bushe."

Shin kai yana bushewa?

A birnin Landan, ba a ba mutum lasisin tuƙa baƙar tasi sai ya haddace tituna kusan 25,000, aikin da kan ci shekara uku zuwa huɗu. Duk manya ne, da yawa masu iyali. A 2000, wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin nan, ta ga ɓangaren da ke ajiye taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. Don kada a ce da haka aka haife su, sai aka bi wasu masu koyo tun daga farko. A 2011 sakamako ya fito: waɗanda suka ci jarrabawar, ɓangaren nan ya ƙaru, waɗanda ba su kai ba, yana nan yadda yake. Gaskiya ne yaro ya fi saurin ɗauka, amma ƙwaƙwalwar babba ma tana miƙewa in an ba ta aiki.

To me ya tsare Hajiya? Kunya. Abin da take gudu yana kusa, tana ganinsa ƙiri-ƙiri: yara su hango ta rungume da littafi, kishiya ta yi habaici, malama sa'ar 'yarta ta gyara mata kuskure a gaban mutane. Abin da za ta samu kuwa yana can nesa. Masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba ko da girmansu ɗaya. Kun san yadda faɗuwar naira dubu take tsaya wa mutum a rai fiye da tsintar dubu. Shi ya sa take riƙe da girman da take da shi, ta ɗaura wa kanta dabaibayi, sannan ta ɗora wa tsufa laifi. Abin yana taɓa ni, domin wadda ta iya riƙe lissafin mata ashirin a ka, baƙaƙen boko ba su fi ƙarfinta ba.

Ga Kimani Maruge na ƙasar Kenya. Gwamnati ta mayar da firamare kyauta a 2003. Shekarar da ta biyo, ya shiga aji ɗaya a garin Eldoret yana da shekara 84, sanye da gajeren wando irin na 'yan makaranta, yana dogara sanda, ya zauna cikin sa'o'in jikokinsa. Burinsa ya iya karatu, ya kuma ƙirga kuɗinsa da kansa. A 2005 sai ga shi a birnin New York yana jawabi kan ilimi a taron Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mu ma ƙofar a buɗe take. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin gwamna Abubakar Rimi, sauran jihohi ma suna da irinta, kuma makarantun Islamiyya da yawa suna da ajin matan aure da na dare.

In kuna da irin Hajiya a gida, kada ku yi mata maganar takardar shaida. Ku samo mata abokiyar tafiya sa'arta, don kunyar ta rabu biyu. Ku sayo littafi da fensir, ku rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a saman shafi, ta riƙa bi a hankali bayan la'asar, har ranar da za a miƙo mata tawada a banki ta ce, "A'a, ba ni biro."